Agogona kullum sauka yake: shi ne jabu, ko ni ne ban iya karatunsa ba?

Direban Abhur:
Assalamu alaikum. Ni direba ne a wani gida a Abhur, arewacin Jidda. Ɗan maigidana ya tafi karatu waje ya bar mini kayan kait ɗinsa, wasan nan da iska ke jan mutum da laima yana tsaye kan allo bisa ruwan teku: laima mai murabba'in mita 12, da allo, da ɗamara. Wata bakwai ke nan ina koyo, kuma Asabar kaɗai nake samun sarari, shi ya sa asarar yini ɗaya take yi mini ciwo.

Na sayi wani agogo na hannu a kasuwar Harajin Sawarik mai auna nauyin iska, don an ce in ya sauka to iska mai ƙarfi na tafe. To kullum sauka yake! Da hantsi 1012, kafin la'asar ya dawo 1009. Sau biyu ina naɗe laima don tsoro, na zauna cikin mota ina kallon mutane suna sheƙa abinsu har magariba. Asabar ɗin da ta wuce na ce yau ba zan kula shi ba, sai ga wata iska mai sanyi ta bugo daga tudu, ta sure ni ta maka kan murjani. Har yanzu gwiwata da bandeji.

Ɗalibi a Jami'a:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Agogonka ƙalau yake. A ƙasashen zafi nauyin iska na hawa da sauka sau biyu kowace rana, ko da hadari ko babu: yana kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya yi ƙasa wajen 4 na yamma da 4 na asuba. Milibar (ma'aunin nauyin iska) 2 zuwa 3 da kake gani ke nan. Daina gwada safe da yamma. Gwada ƙarfe 10 na yau da ƙarfe 10 na jiya, kuma a wuri ɗaya, don hawa sama mita 8 kawai na rage milibar guda. In a bene kake kwana, tun daga matakala lissafi ya ɓaci.

Kuma lambar wuri ɗaya ba ta haifar da iska, sai bambanci tsakanin wuri da wuri. Buɗe taswirar manhajar yanayi ta Windy ka duba layukan nan na nauyin iska: in sun matsu da juna akwai iska, in sun warwatsu ka yi barcinka.

Baffan Fot Sudan:
Yaron nan ya yi magana, amma ni ban yi boko ba, shekara 19 na yi cikin jirgin masunta tsakanin Fot Sudan da Sawakin kafin na ƙetaro. Ɗana, kuskurenka ɗaya ne: ka ba tudu baya.

Iskar da kuke wasa da ita a Jidda ta arewa maso yamma ce, wadda Larabawa ke kira shamal. Da rana ta gasa ƙasa sai iskar teku ta ƙara mata ƙarfi, shi ya sa ba ta kankama sai bayan azahar, ta kwanta da faɗuwar rana. Ranar da za ta yi kyau za ka ga sama ta wanke, farar kumfa ta bazu kan raƙuman ruwa nan da can. Wannan uƙda (ma'aunin gudun iska a teku) 12 zuwa 16 ke nan, daidai laimarka.

Amma kowane ɗan lokaci ka waiga gabas wajen duwatsun Ɗa'if. Ƙananan gajimare kamar an yagi auduga ba komai ba ne. In ɗaya ya tashi tsaye ya yi ta hawa, kansa ya baje kamar uwar maƙera, gindinsa ya yi baƙi, sauke laima nan take. Kai ɗan Arewa ne, ka san sanyin nan da ke riga ruwan damina isowa, mai kwashe shanya daga igiya. Shi ne ya buge ka. Gode wa Allah da ya tsaya a gwiwa, don iskar tudu cikin teku take tura mutum.

Ɗalibi a Jami'a:
Ƙari kan na Baffa: in iska ta ninka, jan laima sau huɗu yake ƙaruwa. Sannan yanzu Nuwamba ne, watan ambaliyar Jidda ta 2009 da ruwan 2022. Ka riƙa leƙa gargaɗin Cibiyar Hasashen Yanayi ta Ƙasa.

Direban Abhur:
Baffa, wallahi ranar na ga baƙin, na ɗauka na mutanen Makka ne. Amma tun safe iskar ma daga kudu take, da ɗumi, jiki na ta danƙo.

Baffan Fot Sudan:
Iskar da ake kira Azyab ke nan, kuma ita ce ta fara yi maka sallama ba ka amsa ba. In ta kaɗa a wannan lokaci, da ƙura da gumi, sau da yawa hadari na biye da ita. Mu a jirgi ranar gyaran koma muke yi. Gwiwar kuma kada ka bar ta a rufe kawai, ciwon murjani yana saurin ruruwa. Je a wanke maka shi a asibiti kafin ka sake shiga ruwa.