Wai me za mu kira gilashin nan da ake koya wa magina aiki da shi?

Jama'a ina neman kalmar Hausa guda biyu, ɗaya ta "virtual reality" da ire-irenta da Turawa ke haɗawa su ce "immersive", ɗayar kuma ta "gamification". Don Allah kar wanda ya turo min fassarar Google, na riga na gani, "gaskiya ta kama-da-wane" wai. Je ka faɗa wa birkila haka a wajen aiki a Rayfield nan Jos ka ga irin kallon da zai maka.

Ga abin da ake nufi ga wanda bai taɓa gani ba. Wani akwati ne kamar ƙaton tabarau ake ɗaura maka a fuska, ya rufe ido ruf, a ba ka wasu 'yan maɓallai biyu ka riƙe a hannu. Da ka buɗe ido sai ka gan ka a saman bene hawa shida ana shirin zuba dakin, wato kankaren rufin bene, ga rodi ya cako ta ko'ina, ga katakon da ake takawa wani an ɗaure wani ba a ɗaure ba, ga wayar wuta ta ratso kusa da kanka. In ka juya kai wurin ya juya da kai, in ka leƙa ƙasa cikinka ya ɗuri ruwa, alhali kana tsaye ne a cikin aji kan siminti. Ka taka katakon da ba a ɗaure ba ka faɗo, a ce maka tashi ka sake. Amfanin kenan, ka faɗo sau goma ba ka karye ba. Kuma faɗowa daga sama ita ce kan gaba wajen kashe ma'aikatan gini a Amurka, mu nan ma duk wanda ya yi leburanci ya san wani da tsani ya kayar.

Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin da matuƙa jirgin sama ke koyon tuƙi a ciki ba tare da sun tashi ba. Abin da ya canza shi ne kuɗi, tun da Facebook ya sayi Oculus, kamfanin da ke ƙera irin wannan gilashi, a 2014 gilashin ya yi ta sauka har ya zama abin da makarantar koyon sana'a za ta iya saya.

To ga abin da aka kawo min zuwa yanzu. Wani ya ce "duniyar gizo", tunda muna da yanar gizo. Ta yi daɗin faɗa gaskiya, amma gizo a kunnen Bahaushe ƙarya ce da tatsuniya, kuma mutane za su ɗauka intanet ake nufi, alhali gilashin na iya aiki ko babu data. Wani ya ce "zahirin bogi", na yi dariya sosai, sai dai kalmar bogi a harkar gini zagi ce, siminti na bogi, injiniyan bogi, ba ɗan kwangilar da zai yarda ya tura yaransa horon bogi. "Duniyar kwaikwayo" ta fi su kusa, matsalarta ɗaya, kwaikwayo ya riga ya zama na 'yan fim da dirama.

Ni dai tawa ita ce "fasahar tsunduma". Saboda bambancin abin da kallon bidiyo a waya shi ne ba kallo kake ba, ciki kake, kamar yadda ake tsunduma a ruwa ya rufe ka ta kowane gefe. Akwai wanda ya ce "nutso" ya fi, na ce a'a, nutso yana tafiya da nutsewa, wanda ya nutse kuma ba lallai ya fito ba. Tsunduma da ganganci ake yi, kuma dama muna cewa wane ya tsunduma cikin aiki. Sannan ta ɗauki ɗaya nau'in ma, wanda ba ya rufe ido, kana ganin filin gaske amma an ɗora maka zanen bututu ko ginshiƙi a kai, irin abin da gem ɗin waya na Pokémon Go ya yi tashe da shi a 2016.

Ta biyun ce ta fi ba ni wahala. "Gamification" shi ne a ɗauko kayan gem a sa a cikin abin da ba gem ba, maki, matakai, lambar yabo, allon da ke nuna wa ke kan gaba, irin yadda Duolingo ke yi wa masu koyon yare. A horon gini sai a ce ka gano haɗari takwas a wannan fili cikin minti biyu, ka manta hular kwano an cire maka maki, ka ɗaura igiyar tsaro kafin ka hau an ƙara maka, ba za ka wuce mataki na gaba ba sai ka ci wannan.

Kusan kowa "wasantarwa" ya ce, daga wasa. Malam ina ƙin wannan da ƙarfi. A bakinmu in aka ce an mayar da abu wasa to an raina shi ne, kuma abin da maigida ke faɗa wa yaronsa kullum a saman gini shi ne kai ba a wasa a nan. Yanzu kuma mu zo mu ce masa za a wasantar da tsaron rai? "Gasantarwa" daga gasa ta ɗan fi, don akwai gasar a ciki, amma ni da na ji sai tsire ya faɗo min a rai.

Don haka na tsaya kan "salon gem". Horo a salon gem. Yaran da ke ɗaukar kwanon kankare a Bukuru da Farin Gada duk sun san buga gem a waya, ba sai an musu bayani ba. Masu cewa ai gem ba Hausa ba ce, to birkila fa? Kafinta, lebura, bulo, katafila da ta samo suna daga kamfanin Caterpillar, duk aro ne kuma sun zauna daram. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" ma tana nan a rediyo amma a kasuwa kwamfuta kowa ke cewa.

Shi kansa abin da ake ɗaurawa a fuska ban ma wahalar da kaina ba, ranar da ya shiga wajen aiki "gilashi" za su ce masa, ko mun so ko mun ƙi. Abin da nake so a daidaita shi ne na rubutu, tunda hedikwatar hukumar ITF, wato Industrial Training Fund, a nan Jos take kuma aikinta kenan horar da ma'aikata tun 1971, in wata rana za a rubuta takardar horo da Hausa gara a tarar da kalma a ƙasa.

Saura wadda ta gagare ni, injin da ake zama a ciki a koyi tuƙa katafila ko injin ɗaga kaya, "simulator". Na rubuta "kujerar gwaji" na goge, don wani a tsaye ake yi. Direbobin manyan injina da ke nan, me kuke ce masa a tsakaninku?