Barewa a cikin waya: farauta ce ko ciniki?

Baba Lawal Maharbi: Assalamu alaikum. Ga magana na ajiye, wanda ya ga ba daidai ba ya ɗauka. Abin da ake yi a wasu gandayen jihar Texas ta Amurka, inda ake zagaye fili da waya mai tsayin ƙafa 8, a tara barewa a ciki, a riƙa zuba mata masara, sannan mai kuɗi ya biya ya shiga ya harbe, wannan ba farauta ba ce. Ciniki ne. Naman da aka toshe wa hanyar tsira ba a cewa an farauce shi. Wanda ya taɓa bin sawu tun asuba har rana ta take, ya koma gida hannu rabbana, ya san abin da nake nufi.

Auwalu na Houston: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ina neman izini in ja da ku kaɗan. Kun haɗa abu biyu wuri guda. Akwai gandun da bai wuce 'yan ekoki ba, akwai kuma mai eka dubu biyar ko dubu goma, da kurmi da kwazazzabai a ciki. Barewar nan tasu mai farin bindi, wadda namijinta ke da ƙaho mai rassa, yawanci a cikin 'yan ɗaruruwan eka take ƙare rayuwarta ko da waya ko babu. To wadda aka haifa a tsakiyar eka dubu goma, wataƙila har ta mutu ba ta taɓa ganin wayar ba. Tana jin warin mutum, tana gudu, tana ɓuya. Me aka rage mata?

Sannan ku duba yadda ƙasar take. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na filayen Texas na mutane ne, ba na gwamnati ba. Mai gandu ya haƙa rijiya, ya shuka ciyawa, ya bar ƙananan mazan su girma shekara biyar ko shida, sai maƙwabcinsa mai ɗan ƙaramin fili ya kafa injin watsa masara a bakin iyaka ya janye su ya harbe. Da yawa daga nan suka fara sa waya.

Sabo Mai Karnuka: Injin watsa masara kuma? Wato a lokaci guda kullum yake zubawa, naman ya saba, mutum na zaune a ɗakin katako yana shan shayi yana jira?

Auwalu na Houston: Haka ne Yaya Sabo, kuma doka ta yarda da shi a Texas, har a filin da ba waya. Amma ku ma ai kuna yin kwanto a bakin mashaya.

Sabo Mai Karnuka: Mashayar ba ni na haƙa ba, kuma in na yi motsi ya canza mashaya.

Baba Lawal Maharbi: Auwalu ɗana, ba ni kaɗai na faɗa ba, mutanen ƙasar da kake zaune ma sun faɗa. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 tun kafin ya zama shugaban ƙasa, ita ke riƙe da kundin manyan ƙahonin da aka samu a Arewacin Amurka. Har gobe ba ta shigar da dabbar da aka kashe a cikin shingen da ba ya tsallakuwa. Ba ta tambayar eka nawa ne. Ƙungiyar masu farauta da kwari da baka ta Pope and Young ma haka. Ita ƙungiyar mafarauta ta Safari Club International da ke karɓa, a shafi dabam take rubutawa, ba ta cakuɗa su da na daji. In abu ɗaya ne, me ya kawo raba shafi?

Dakta Hajara, likitar dabbobi: Baba, ku yi mini afuwa in karkata akalar kaɗan, don ni ba sunan abin ya dame ni ba. Abin da ke bayan wayar ya fi wayar muni. Akwai masana'anta guda ta kiwon barewa: ana ajiye su a keji, a maƙala musu lamba a kunne, a ɗebi maniyyin namijin da ya fi ƙaho a sayar, a yi wa mata allura da shi. Ana ba su abinci mai yawan furotin don ƙahon ya bunƙasa. Ƙahon wannan dabba faɗuwa yake duk shekara wani ya fito, saboda haka mai kiwo yana ganin sakamakon aikinsa da wuri. Ana auna shi da inci, kuɗin harbi kuma yana hawa da yawan incin. Sai a loda namijin a mota a kai gandu a sake shi, abokin ciniki ya zo.

Lodawar nan ita ce matsalar. Akwai cutar da ake kira CWD, mai rame dabba ta lalata mata ƙwaƙwalwa. An fara lura da ita a 1967 a jihar Kolorado, a jikin barewar da ke tsare a wata cibiyar bincike. Ba ƙwayar cuta irin wadda muka saba ce ke kawo ta ba, wani furotin ne da ya murɗe, dangin mai kawo haukan shanu. Ba magani, ba rigakafi, duk wadda ta kama sai ta mutu. Dabba na iya ɗauke da ita fiye da shekara ba alama, tana zubar da ita ta yawu da fitsari da kashi, kuma tana zama a ƙasa shekaru. Barewar daji da ƙafarta take yawo, yawanci iyakarta 'yan kilomita. Ta kiwo kuwa a dare ɗaya mota za ta ƙetare da ita ɗaruruwan kilomita. A Texas an fara ganin cutar a 2012 a tsaunukan Hueco, can yamma mai nisa, a jikin na daji. A 2015 sai ga ta a gidan kiwo a gundumar Medina, tsakiyar jihar. Koriya ta Kudu ma ta hanyar dabbobin kiwo da aka shigo da su daga Kanada ta same ta. Yanzu tana jihohin Amurka sama da 30. Waya ba ta hana ta ciki da ta waje haɗa hanci, kuma ambaliya ko faɗuwar bishiya na karya ta.

Auwalu na Houston: Dakta, wannan ba ni da ja. Amma masu kiwon za su ce miki su ake tilasta wa gwaji fiye da kowa, shi ya sa ake yawan gani a wurinsu. Kuma ba kowane mai waya ne ke sayen ta kiwo ba.

Dakta Hajara: Gaskiya ne ana gwada nasu da yawa. Wannan ya bayyana yadda ake ganowa, bai bayyana yadda cuta ke tsallake gundumomi goma ta faɗa wani keji ba.

Malam Idi: Ni ta fuskar fiƙihu zan sa baki, tunda 'yan'uwanmu na can suna iya samun kyautar naman. Sassaucin da shari'a ta yi na cin abin da kibiya ko kare ya kashe ba tare da yanka ba, an yi shi ne don naman dajin da aka kasa kamawa. A Malikiyya, idan dabba ta zama a hannu, ko ta saba da mutane har ana iya kama ta ba wahala, sai yanka. Harbi ba ya halatta ta. Kuma Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya gaya musu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin auna harbi. Malamanmu ma sun karhanta farautar da wasa kawai ake nufi da ita.

Auwalu na Houston: Allah ya gafarta Malam, to ta cikin eka dubu goma fa, wadda ko da doki ba ka kamo ta?

Malam Idi: Wannan hukuncin naman daji ke kanta, in maharbin ya cika sharuɗɗa, ya ambaci sunan Allah. Abin dubawa shi ne ko ana iya kama ta. Wadda aka shayar da kwalba tana ƙarama, take biyo motar abinci, harbinta da harbin rago a turke duk ɗaya ne.

Sabo Mai Karnuka: To Baba, Malam ya raba muku gardama, ya ba Auwalu rabi.

Baba Lawal Maharbi: Malam ya yi maganar cin nama, ni ina maganar na wane ne naman. A dokar Amurka namun daji na al'umma ne, gwamnatin jiha ke riƙe da su amana. A kan wannan suka farfaɗo da barewar nan. Wajen 1900 'yan kasuwar nama da fata sun kusa ƙarar da ita, ta koma kimanin dubu 500 a ƙasar duka. Aka hana cinikin naman daji, aka yi dokar Lacey mai hana safarar naman da aka farauta ba bisa doka ba a 1900, a 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson ta mayar da harajin bindiga da harsashi ga kula da daji. Yau ana ƙiyasta ta kai miliyan 30. Kuɗin ƙananan mafarauta ne ya yi wannan aikin. Sai mutum ɗaya ya ja waya ya rufe dukiyar jama'a a cikin filinsa, ya sa mata farashi. Masu kiwo sun kai ƙara suna cewa na kejinsu mallakinsu ne, a 2019 kotun ɗaukaka ƙara a Texas ta ce a'a, su ma na al'umma ne.

Isuhu Dakoro: Baba, ina tare da ku har zuwa nan, amma bari in kawo abin da ya shafe mu kai tsaye. Mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho lanƙwasasshe, a ƙasarmu take. Don ita aka keɓe dajin Gadabeji na Jamhuriyar Nijar a 1955. Muka harbe ta da bindiga da mota, fari ya ƙarasa sauran, har a 2000 aka ayyana babu ita a daji ko'ina a duniya. A lokacin tana nan dubbai a gandayen Texas, saboda ana biyan kuɗi a harbi wasu, kuɗin ya ciyar da saura. Mu da ke cewa na kowa ne, ina namu?

Dakta Hajara: Malam Isuhu, wadda aka mayar Chadi tun daga 2016, a dajin Ouadi Rimé-Ouadi Achim, daga garken da aka tara a Abu Dhabi ta fito, garken da aka ƙarfafa da dabbobi daga Amurka da Turai. Ta hayayyafa har a 2023 aka cire ta daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Ajiyar ta yi amfani, ban musa ba. Amma mariri ta rasa gida ne. Barewar Texas kusan miliyan 5 ce, ba ta neman mai ceto. Kiwonta don ƙaho ake yi.

Isuhu Dakoro: Na ji. Ni dai abin da na sani, dabbar da ba ta kawo wa mai fili ko sisi, shanu yake zubawa a wurinta. Afirka ta Kudu ta ba masu shinge mallakar namun daji da doka a 1991, gandayen namun daji suka yawaita.

Sabo Mai Karnuka: Suka yawaita ga wa? Ɗan ƙauyen da ke gefen gandun yana shiga?

Auwalu na Houston: Nan kam Yaya Sabo ka taɓa inda yake mini ciwo. A Texas ko ba waya, in ba ka da fili sai ka yi hayar wurin farauta na shekara, kuma ma'aikaci mai ƙaramin albashi yana jin jiki. Su kansu Amurkawan kansu a rabe yake. A jihar Montana, inda filin gwamnati ke da yawa, an kaɗa ƙuri'a a 2000 aka hana biyan kuɗi don harbin dabbar da ke tsare, mafarauta ne ma a gaba wajen neman hanin. A Dakota ta Arewa aka kawo irin wannan a 2010, jama'a suka ƙi. Abin da suka haɗu a kai shi ne na 2005, da wani ya haɗa bindiga da kyamara a gandunsa don mutum ya harba daga gida ta intanet. Texas ta haramta shi a shekarar.

Baba Lawal Maharbi: To ka tambaye su dalilin haramtawar. Mai danna kwamfuta da mai zama a ɗakin katako gaban injin masara a cikin waya, nisan kujera ne kawai tsakaninsu.

Auwalu na Houston: Za su ce ɗaya ya ji sanyin asuba, Baba. Dakta, tambaya ta gaske: abokin aikina yakan kawo mini cinya duk kaka. In ci?

Dakta Hajara: Ba a tabbatar cutar ta taɓa kama mutum ba, amma CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce kada a ci naman wadda aka samu da ita, kuma dafuwa ba ta kashe wannan furotin. Tambaye shi gundumar da ya harbo ta, da ko an kai kan dabbar wurin gwaji. Ka guji ƙwaƙwalwa da lakar baya da saifa. Maganar ko Musulmi ne ya harba da yadda aka yi, wannan ka koma wurin Malam Idi.