Musayar waƙa ta wannan mako: wa ya ci kuɗin?

Ɗan Bilbis:
Salamu alaikum 'yan zaure. Wannan mako ni ke da buɗi. Amsa-amo “na”, kari kuwa kowa ya yi iya ƙoƙarinsa. Sharaɗi guda ne: kowa kansa zai kai ƙara. Ban da maƙwabci, ban da gwamnati, ban da “zamani ne ya lalace”. Bismillah.

Damana biyu ban sa ƙafa ba cikin gona,
Ina Ajame ta Abijan, tallar takalma bisa kaina.
Jika ɗari takwas na ƙulle cikin ɗan tsumma,
Na ce gyaran ɗakin Inna shi ne a gabana.
Ran da mota ta sauke ni tasha nan Tawa,
Sai ga maroƙi ya ɗaga murya da sunana.
Na miƙa mai jika biyar, ban ko waiwaya ba,
Don labari ya kai fada, a kwana ana magana.
Waya ta jika ɗari da hamsin na ɗauka,
Shadda kala uku, ga turare a aljihuna.
Kilishi da lemu kullum in an yi isha'i,
Abokai sun fi goma, kowa na kiran “maigidana”.
Yau wata huɗu ke nan, ruwan Agusta ya sauka,
Inna ta tara kwano inda ke yoyo, ta kwana.
Ba ta ce mini uffan ba, wannan ya fi zagi,
Sai dai “Allah shi yi ma albarka, ɗana.”
Na nemi ɓarawon, na duba ƙofa da taga,
Sawun da na iske, wallahi na takalmina.

Ɗan Fada:
Yaya, barka da buɗi, amma zan taka sharaɗinka kaɗan, ka yi mini afuwa. Wanda ya ga abin da muka gani tun Yulin 2023, da aka rufe iyakar Konni, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, buhun shinkafa ya tashi, ba zai yarda komi laifin kansa ne ba.

Yaya sassauta, kar ka yanka kanka da kanka,
Ka sha rana ka shiga inuwa, ina laifi, wana?
Ni na gama jami'a a nan cikin Tawa,
Na yi bautar ƙasa shekara biyu da ƙarfina.
Takardun neman aiki na kai biro bakwai,
Sauran kwafin ga shi ɓera na ci a ɗakina.
To in na zauna fada na ɗora butar shayi,
Na farko mai ɗaci, shi ne hoton zamana.
Na uku mai zaƙi shi kaɗai ya rage mini,
Shi ma so kake in ba da hisabinsa da bakina?
Ku da kuka samu kuka ɓatar, ku yi kuka,
Ni asara ma ƙyama take yi wa gidana.

Gwaggon Zaure:
Ɗiyana, sannunku. Ɗan Fada, za ni dawo kanka, bari in fara wanke nawa. Amma ku yi haƙuri da “na” ɗinku, abubuwan da sunka cinye ni duk mata ne: atamfa, jaka, waya. Da “ta” za ni yi.

Bara anko bakwai na ɗinka, na ƙirga,
Ga su nan jere sun cika bakin adakata.
Kowane sau guda na sa shi, anka yi hoto,
Na biyu kunya, kar a ce ita ke nan suturata.
Adashe na kwasa, jika ɗari da ashirin,
Da niyyar injin markaɗe in kafa a ƙofata.
Sai ga bukin ɗiyar ƙawa, anka kawo goro,
Na ce in ban yi bajinta ba, ina darajata?
Na yi liƙi har mai kiɗi ya haddace sunana,
Na dawo ko kuɗin kabu-kabu babu a jakata.
Da Oktoba ta zo anka buɗe lakwal,
Littafi da alli sunka gagari 'yar autata.
Na ce mata “babanki bai ba da ba”, ta yi shiru,
Ƙarya na yi wa yarinya don in rufe kunyata.
Ba kishiya ta sa ni ba, ba miji ba, ba maye ba,
Idon mutane na ɗauka na dasa a zuciyata.
Kai kuma Ɗan Fada, rashin aiki gaskiya ne,
Amma kuɗin sukari da gawayi, wace tsohuwa ta ba da nata?

Mai Kabu-kabu:
Gwaggo ta taɓo inda ke ciwo. Ni baiti guda gare ni, ina bakin tasha.

Na ce don gajiya nake haɗiyar tramol da safe,
Yau ƙwayar ke tuƙi, ni fasinja ne a babur ɗina.

Malam na Galmi:
Madalla da wannan zaure. Abin da kuke yi malamai na ce mishi muhasaba. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ya yi wa kansa hisabi tun ba a yi mishi ba, kuma a farkon Suratul Ƙiyama Allah ya rantse da rai mai yawan zargin kansa. Nan kusa da mu, a Maratta, anka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma da waƙa shi da zuri'arsa sunka yi ta jan kunnen jama'a, saboda haka ba baƙon abu kunka ɗauko ba. Sai dai akwai rami a hanyar, ni na faɗa cikinsa.

Na yi wa'azi kan riya, anka ɗauka a waya,
Anka watsa TikTok, ya zagaya har Gana.
Da dare ina tashi, ba don nafila ba,
Don in ga mutum nawa sunka kalli bayanina.
In sun yi yawa in ji sanyi har cikin ƙashi,
In sun kasa in kwana da ƙunci a ƙirjina.
Na hana mata anko, na hana samari caca,
Ashe yabo shi ne shayina, shi ne ankona.
To ku kula, har tuban nan da muke rerawa,
In don a tafa muna ne, ya koma neman suna.
Ɗan Bilbis, baitinka ya yi kyau ba shakka,
Amma baiti ba ya toshe yoyo, sai yumɓu da magina.

Ɗan Fada:
Gwaggo, kin kama ni. Ban janye maganata ba fa, aiki babu, kuma ba ni na jawo wannan ba. Amma ga abin da na ɓoye a bayanta.

Kullum dala ɗari tsohuwa ke ba ni da hantsi,
Daga cinikin fura, wai in rage zafin rana.
Rabi sukari, rabi in kai wa masu cacar ƙwallo,
In zaɓi Madrid, in zauna jiran rabona.
Sau ɗaya na ci jika tara, na yi wata ina labari,
Abin da na zuba kafin nan, na hana shi shiga lissafina.
Kawu ya kira ni Galmi aikin albasa da rani,
Na ce mai digiri ba ya tsugunno a gona.
Yaron da ya tafi madadina ya sayi amalanke,
Ni ko butar shayin ma ta abokina.

Malam na Galmi:
Dashen albasa na nan tafe bayan girbi. In ka shigo Galmi ka biɗe ni, tabarma na nan, albasa kuwa ba ta tambayar takarda.

Ɗan Bilbis:
Malam, na ji. Baiti biyu in rufe, sai tambaya.

Wayar nan da nake rubutu na kai ta kasuwa,
An taya jika tamanin, kusan rabi ya tafi a kan idona.
Na so in ce albarka, sai na tuna kwanon Inna,
Gobe zan koma in sallama, in karɓa da hannuna.

Wa ya san nawa buhun simintin Malbaza yake yanzu, kuma wa ke da magini mai amana wajen Bilbis? Ku aiko kafin azahar ta gobe, bayan nan sai dai ku neme ni ta wayar ƙanena. Gwaggo, buɗin mako mai zuwa naki ne.

Gwaggon Zaure:
Na karɓa. Amsa-amo “ki”, mata ku shirya. Wadda ke son anko mai sawa guda ta yi mini magana, shida na sayarwa ne. Na bakwai na riga na kai wa tela ya yanka wa auta, Oktoba ta kusa.