Neman shawara: ina da gwanaye a ƙungiya, amma na rasa yadda zan riƙe su

Mai tambaya (shugaban ƙungiyar manoman rani, yankin Kura):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa riƙe jama'a. Ƙungiyarmu da ruwan Tiga take noma: shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani. Alhamdu lillahi, ba ragwaye aka ba ni ba. Akwai dattawan da tun farkon zuwan ruwan kanal Kadawa suke wannan sana'a, akwai kuma matasan da suka ƙware a injin ban-ruwa da feshi, waɗanda kafin gari ya waye sun ji farashin kwandon tumatir a kasuwar Kwanar Gafan ta waya.

Wanda na gada, Allah ya jiƙansa, mutum ne kaifi ɗaya, in ya faɗa ta zauna. Da na hau sai na buɗe ƙofar shawara. Mutane sun saki jiki, amma taro ya daina ƙarewa. Ranar yashe kanal ɗinmu da cire kachala, rabin jama'a sai da hantsi suka iso, na ƙarshen layi suka yi ta jiran ruwa shukarsu na yaushi. Da na ce za a ci tara, wani dattijo sa'an mahaifina ya ce a gaban kowa shi ba ɗan ƙwadago ba ne. Shi kuma yaron da ya fi kowa iya feshi ya aiko mini cewa in zan ci gaba da tsaya masa a ka ina duba ma'auni, to in nemi wani. Ga shukar alkama ta ƙarato. Yaya zan yi?

Baba, tsohon manomi (Bunkure):
Wa alaikumus salam ɗana. Ka tuna yadda iyayenmu suka riƙe gandu. Da safe kowa a gonar gandu yake, ba a tambayar ra'ayin kowa, mai gida ya ce yau noman firi ne, shi ke nan. In an tashi kuma kowa ya wuce gayaunarsa, mai gida ba ya bin ɗansa can ya ce shuka kaza. Mutum ɗaya ne, amma ya san inda bakinsa yake da iko da inda zai kama shi.

To ka raba aikin ƙungiyarka haka. Ruwa na kowa ne, ranar yashe da ranar ban-ruwa babu muhawara. Abin da mutum zai shuka a kwaminsa da yadda zai kula da shi, wannan nasa ne.

Maganar dattijon nan kuwa, ba tarar ce ta ɓata masa rai ba, a gaban yara aka faɗa. Ka je gidansa bayan isha'i, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba ranar yashe mai zuwa ina so kai za ka tsaya a kan aikin. Ko shebur bai ɗaga ba, in yana zaune a bakin kanal tun asuba, ba yaron da zai bari rana ta fito masa a gida. Irinmu ba ma son a ce mana ku zo, mun fi son a ce mana ku kira mutane.

Malamin gona (Auyo):
Abin da Baba ya faɗa yana cikin karatun shugabanci ma. A 1969 wasu masana biyu 'yan Amurka, Paul Hersey da Ken Blanchard, suka fito da bayanin cewa babu salo guda da ya dace da kowa. Ana duba ƙwarewar mutum da himmarsa a kan aikin da ke gabansa: sabon shiga a ba shi umarni dalla-dalla, mai koyo a yi masa bayani ana jan shi a jiki, gwanin da gwiwarsa ta yi sanyi a zauna da shi a yi shawara, gwani mai himma kuma a sakar masa ragama. Abin lura, a kan aiki ake aunawa, ba a kan mutum gaba ɗaya ba. Dattijon da ya fi kowa sanin ƙasa yana iya zama ɗan koyo a maganin feshi.

Sannan Shugaba, wasu ayyukan lokaci ne ke yanke musu hukunci. Alkama sanyi take so, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake son a gama shuka, in aka makara zafin Maris zai riske ta tana cika ido. Irin shinkafa ma in ya haura mako uku da yawa a wajen raino, dashensa ba ya yin 'ya'ya sosai. Kada ka kira taro a kan irin waɗannan a ƙurarren lokaci. Shawarar a yi ta tun yanzu, a sa rana, a rubuta.

Wani ɗan'uwa (Garun Malam):
Ni ban yarda da yawan lallashin nan ba. A 2016 da tsutsar sharon ta cinye tumatir a yankin nan, wa ya tsaya neman ra'ayi? Mutanenmu in suka ga shugaba yau zafi gobe sanyi, cewa za su yi ba shi da alƙibla. Ka ci tara, ka fara da ɗan gidanku.

Hajiya, shugabar mata masu turara shinkafa (Kura):
Ɗan'uwa na Garun Malam ya taɓo gaskiya, sai dai ba duka ba. Sauya salo daban, sauya doka daban. Ni a cikin matanmu akwai wadda in na yi mata magana da ƙarfi sai ta kwana tana kuka, akwai wadda in ban ɗaga murya ba ba ta san da ita nake ba. Kowacce na san yadda nake bi da ita. Amma kuɗin asusu da rabon riba da layin wadda za ta hau tukunya, a nan ko ƙanwata ce ba ta ganin haƙorina. Ma'aji tana karanto lissafi a gaban kowa duk taro, har kuɗin itace.

Ƙanena, tararka ma kai kaɗai ka yanke ta, shi ya sa ta zama taka. Ka sa su su faɗi adadin da bakinsu, magatakarda ya rubuta, dattijon nan ya fara dangwala hannu. Ranar da aka ci mutum tara, ba kai ka ci shi ba.

Wani matashi mai injin ban-ruwa (Ringim):
Iyayena ku gafarce ni, bari in yi magana a madadin mai feshin nan. Ba raini ba ne. Mutum ya san lita nawa injinsa ke ci, ya san ba a feshi da tsakar rana ko ana iska, sai a zo ana buɗe masa murfin kwalba a gaban abokansa. Yallaɓai, ka faɗa masa abin da kake son gani: gonaki kaza a gama kafin Juma'a, a kawo kwalaben da aka yi amfani da su. Sai ka duba gona, ba hannunsa ba. In kana son ya zauna daram, ka haɗa shi da yara biyu ya koya musu. Mu abin da ke korar mu daga ƙungiya shi ne mu yi aikin, ranar da baƙi suka zo a manta da sunanmu.

Malam (Haɗejia):
Shawara ba rauni ba ce. A Badar, Hubab ɗan Munzir ya kawo shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, Manzon Allah (SAW) ya karɓa. Haƙa gwalalo kuwa shawarar Salmanul Farisi ce. Amma a Uhudu, bayan an gama shawara ya sanya sulke, da wasu suka so a janye maganar fita bai cire ba. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta haɗa biyun: a yi shawara da su, idan an ƙudurta kuma a dogara ga Allah. Taronka ba ya ƙarewa ne saboda ba su san lokacin da ake rufe magana ba. Ka saurari kowa, ka maimaita abin da aka faɗa don su san ka ji, sannan ka ce ga abin da za a yi, a shafa fatiha a tashi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma Baba. Yau bayan isha'i zan je gidan dattijon, in sha Allah. Taron Asabar kuma magana biyu kawai zan kawo: ranar shukar alkama da adadin tara. Hajiya, saura abu ɗaya. Akwai mutum biyu da ke zuwa cin rani, ba sa nan ranar yashe amma gonakinsu na shan ruwa. Su turo wakili ne, ko su biya kuɗin ɗan ƙwadago?

Hajiya:
Su zaɓi ɗaya tun kafin su tafi, a rubuta. In kuɗi ne, ya shiga hannun ma'aji kafin a buɗe musu ruwa.