Amfilifaya na ɗaukewa da na ƙara murya, ku taimaka min

Assalamu alaikum 'yan uwa masana harkar sautin mota, don Allah ina neman shawara, sati biyu kenan abin nan ya hana ni sakat. Corolla ce 2008, na sa mata amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai layi 4, biyu na ba sifikun ƙofa, sauran biyun na yi musu birij (wato na haɗe su suka zama layi ɗaya) na jona wufa (manyan sifikun bes) guda biyu masu inci 12 a but, kowacce 4 ohm (ma'aunin turjiyar lantarki), mai rewaya ya haɗa su fosatif da fosatif nagatif da nagatif. To in murya na ƙasa lafiya lau, amma da na ƙara bes ya fara bugawa ko minti 5 ba a yi sai jar wuta ta kama komai ya ɗauke, in ka taɓa jikin amfilifayar zafi kamar dutsen guga.

Na sauya fis, na rage gen (maɓallin daidaita ƙarfin sautin da ke shiga amfilifaya), kurosoba (mai tace sautin da ke zuwa wufa) tana kan 80Hz, wayar nagatif ma na kankare fenti na ɗaure ta a ƙarfen mota, duk a banza. Wani ya ce haɗin nan ya sauko da su 2 ohm ne, a takardar amfilifayar kuma 4 ohm aka rubuta wa birij. Shin matsalar kenan? In na jera su ɗaya bayan ɗaya su koma 8 ohm ƙarfin zai ragu sosai ne, ko gara in cire wufa ɗaya?

Sannan akwai wani siririn kuka a sifiku da ke ƙaruwa in na taka totur, wayar RCA (mai kawo sauti daga rediyo zuwa amfilifaya) da ta batir gefe ɗaya aka bi da su. Wallahi tsoro nake kar in ƙona amfilifayar, kuɗinta na sha wuya kafin na tara.