Na gaji asusun fansho na IRA na mahaifina a Amurka, waye zai biya harajin?

Maman Hanifa (Bronx):
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Babanmu Allah ya yi masa rasuwa a 2024 yana da shekara 76, ya daɗe yana aiki a nan New York kuma ya bar asusun ajiyar fansho wanda suke kira IRA, irin na gargajiya ba ɗaya nau'in da ake kira Roth ba, kusan dala 120,000 ne a ciki. Sunana kaɗai ya rubuta a matsayin mai karɓa saboda ni ce ke kusa da shi a nan, sauran ƙannena uku suna Kano. A 2025 na ciri dala 30,000 na tura wa kowa rabonsa yadda malami ya lissafa mana, toh yanzu sai ga takardar haraji 1099-R, wadda ke nuna kuɗin da aka cira daga asusun, ta iso da sunana da lambar SSN ɗina, wato lambar shaidata ta Amurka, kuɗin gaba ɗaya a kaina. Ni dai abin da na sani ba a biyan haraji a kan gado a ƙasar nan sai dukiya mai yawan gaske. Shin wannan takardar a fayil ɗin marigayi za a saka ta ko a nawa? Kuma ta yaya zan biya haraji kan kuɗin da mafi yawansa ba ni na ci ba?

Abu Sadiq (Houston):
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Aikin cike takardun haraji nake yi, bari in faɗa miki yadda abin yake.

Abin da kika ji gaskiya ne idan gida ne ko mota ko kuɗin asusun banki. IRA na gargajiya daban yake, domin lokacin da Baba yake zuba kuɗin ba a cire masa haraji ba, gwamnati jira take sai ranar da aka ciro, to duk wanda ya ciro shi ne zai biya kamar albashi ya karɓa. Abin da shi Baba ya cira da ransa a 2024 shi ne ke shiga fom 1040 ɗinsa na ƙarshe, wato takardar harajin shekara. Wanda aka cira bayan rasuwa naki ne, a naki 1040 zai shiga, layi na 4a da 4b, kuma IRS, wato hukumar haraji ta Amurka, su ma an tura musu kwafin wannan takardar don haka ba abin da za a tsallake ba ne.

Ki ɗauko takardar ki duba akwati na 7, ya kamata ki ga lamba 4, ma'anarta an biya ne saboda mutuwar mai asusu. Ita ce ke kare ki daga tarar kashi 10 da ake ɗora wa wanda ya taɓa kuɗin fansho kafin ya kai shekara 59 da rabi. Idan kika ga lamba 1 a wurin ki kira kamfanin da ke riƙe da asusun su gyara su turo sabuwa. Sai akwati na 4, nan ne abin da suka riƙe miki na haraji, yawanci kashi 10 suke riƙewa idan ba ki ce komai ba, wato dala 3,000. Idan kina matakin kashi 22 harajin tarayya kan 30,000 ɗin zai kai 6,600, kinga akwai cikon da za ki nema kafin 15 ga Afrilu, ban da na jiha da na birnin New York. Ki tambayi mai cike miki rangwamen dala 20,000 da jihar New York ke yi kan kuɗin fansho, magaji na iya cin moriyarsa tunda marigayin ya wuce 59 da rabi.

Wani abu kuma da nake so ki riƙe sosai: tun da dokar SECURE ta fara aiki a kan waɗanda suka rasu daga 2020, ɗa ko 'ya baligi shekara 10 ke gare shi ya kwashe asusun kaf, ke naki wa'adin 31 ga Disamba 2034 ne. Kuma tunda Baba ya riga ya kai shekarun cirewa ta dole kafin rasuwarsa, kema dole ki ciri wani mafi ƙarancin kaso duk shekara, daga 2025 aka fara kama mutane a kan haka. Wanda bai cira ba tarar kashi 25 ce ta abin da ya kamata ya cira, tana sauka zuwa 10 idan ya gyara da wuri, da fom 5329.

Malam Ɗanladi:
Allah ya gafarta masa. Hajiya kin yi abin da ya dace da kika raba, da yawa idan suka ga sunansu kaɗai a takarda shikenan sai su ce Baba ni ya ba, alhali amana ce aka damƙa musu. Amma ni inda nake jin tsoro shi ne a zalunce ki. Ita IRS ba ruwanta da wa ya samu kashi biyu wa ya samu ɗaya, sunan da ke kan takarda kawai ta sani. Inaga ki koma wajen malamin da ya yi muku lissafi da takardar a hannu ki nuna masa cewa wannan kuɗin yana da haraji a wuyansa, a fitar da shi tukuna sannan a raba abin da ya rage. Harajin na bara, tunda kuɗin ya riga ya tafi Kano, a cire miki shi daga na bana. Ki kira ƙannenki a bidiyo ki nuna musu takardar da idonsu, don mutanen gida idan suka ji dala 120,000 da naira suke bugawa a waya, ranar da kuɗi ya zo bai kai ba sai zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa, kuma wlh na ga gidan da haka ta raba.

Ummu Khadija (Yamai):
Allah ya jiƙan musulmi. Ni mijina ne ya rasu a can, ina nan Nijar ba ni da takardun zama na Amurka. Sai da na cike musu W-8BEN, fom ɗin da ke nuna ni ba 'yar Amurka ba ce, kuma duk abin da na cira kashi 30 suke riƙewa tun kafin ya iso, takardar da suke turo min ma 1042-S ce ba irin taki ba. Saboda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da Nijar, Najeriya ma babu, Ghana ma haka. Don haka kar ki ga kamar da sunan ƙannenki Baba ya saka da sun tsira, mai yiwuwa ma ta hannunki ya fi sauƙi.

Maman Hanifa (Bronx):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, lamba 4 ce alhamdulillah, kuma 3,000 suka riƙe. Amma Malam Abu Sadiq ƙannena suna matsa min in kwashe sauran gaba ɗaya a raba a huta, ɗaya gini yake yi. Akwai matsala?

Abu Sadiq (Houston):
Doka ba ta hana ba amma ku za ku yi asara. Dala 90,000 a shekara ɗaya a kan albashinki zai tura ki mataki na sama, kashi 24 ko fiye, alhali in kika rarraba shi cikin shekarun da suka rage harajin zai fi sauƙi kuma rabon kowa zai fi auki. Kuma da zarar kuɗin ya faɗo asusun bankinki ba ya komawa, matar marigayi ko mijin marigayiya kaɗai ke da wannan damar, in ma kamfani kike son canzawa su za su tura wa juna kai tsaye.

Abin da kike tura wa Kano kuma a idon doka kyauta ce daga gare ki. A 2025 iyakar ita ce dala 19,000 ga mutum ɗaya a shekara, in kika wuce sai kin cike fom 709, ba biya za ki yi ba sanarwa ce kawai. Ki nemi W-4R, fom ɗin riƙe haraji, wajen kamfanin ki ce su riƙa riƙe kashi 22 ko 24 tun daga tushe. Sannan ki binciko tsofaffin takardun Baba ko akwai fom 8606 a ciki, in akwai to wani ɓangare na kuɗin an riga an biya harajinsa, ba za ki sake biya ba.