Saɓani tsakanin masu gida da 'yan kwangila a Abuja: abin da ya same mu da inda muka kai kuka

Mai buɗe zancen, daga Kubwa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kusan duk wanda ya taɓa aza bulo a Abuja yana da labarin saɓani da wanda ya ba aikin, amma kowa yakan haɗiye nasa shi kaɗai, shi ya sa na baya yake faɗawa inda na gaba ya faɗa. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ba tare da ambaton sunan mutum ko na kamfani ba, ya kuma bayyana inda ya kai kuka da abin da ya biyo baya.

Ni gida mai ɗaki uku da falo na ba wani mutum da duk unguwa ke kira injiniya, wanda ya nuna mini takardar rajistar kamfaninsa ta hukumar CAC. Damina ta farko ba ta fita ba sai da bango ya tsage daga kusurwar taga har zuwa linta, rima kuma ta hau gindin ɗakuna har fenti yana saɓulewa. Da aka haƙa gefen ginin sai aka tarar fandishon bai kai zurfin da zane ya nuna ba, kuma ba a shimfiɗa ledar da ke tare danshi ba. Na nemi a hukunta shi ta hannun majalisar injiniyoyi, sai bincike ya nuna sunansa ba ya cikin rajistarta, ba ya kuma cikin ta magina. Tambayata ita ce, wa ke ladabtar da irin wannan mutum?

Wata malamar makaranta, daga Lugbe:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Tawa matsalar a rufi take. Mun yi jinga da kafinta a kan kwanon alminiyom mai kaurin milimita 0.55, na biya kuɗinsa cif, amma iskar farkon damina ta ɗaga gefe guda ta nannaɗe shi. Ƙanena ya kawo wani mai sana'ar ya auna, aka ga kwanon bai kai ko 0.45 ba, katakon ma ba a shafa masa maganin gara ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da kafintan ya ba ni, cewa mace ba ta san aikin rufi ba, alhali kuɗin da na tara daga albashina da adashe ne ya shiga aljihunsa.

Ban je kotu ba. Mai unguwarmu ya kira shi tare da shugabannin kafintocin yankin, aka ɗora rasit ɗin da ya rubuta da hannunsa a gabansa, inda ya rubuta kaurin kwanon ƙarara. Wannan 'yar takarda ce ta ƙwato mini haƙƙina, domin da ya ga abokan sana'arsa ba za su goya masa baya ba, sai ya amince ya canza ɓangaren da ya lalace da kuɗinsa. Sauran rufin yana nan da kwanon da ban saya ba, na haƙura da shi.

Wani birkila, daga Dei-Dei:

Hajiya, ki yi haƙuri, abin da aka yi miki cin amana ne, babu wani suna da za a ba shi. Amma ranku ya daɗe, a bar ni in faɗi na ɓangarenmu, domin na daɗe ina riƙe da cokalin gini a garin nan. Sau da yawa mai gida ne yake tara mutum uku ko huɗu su ba shi farashi, sai ya zaɓi mafi araha, alhali kowa ya san kuɗin ba zai ishi aikin ba. Wanda ya karɓi aiki a kan kuɗin da bai isa ba, a jikin siminti da rodi zai cike giɓin. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, kuma na ga 'yan kwangilar da suka yi jinga tun kafin tashin farashin suka koma wa masu gida a kan a ƙara, aka ce musu magana ta riga ta ƙare. Wasu suka gudu suka bar aikin, wasu suka rage siminti suka yi shiru. Na kuma sha ganin mai gida ya sayo bulon da ke marmashewa a hannu tun wajen saukewa daga mota, in ka yi magana ya ce so kake ka ci riba a wajen mai bulo.

Wani injiniya mai rajista, daga Gwarinpa:

Malam mai buɗe zance, tambayarka ita ce gundarin matsalar, don haka zan ɗan tsawaita. Takardar CAC shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kasuwanci rajista, ba ta cewa mai ita ya iya gini. Masu ba da izinin sana'ar daban suke. COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke rajistar injiniyoyi, har da masu fasaha da masu aikin hannu na fannin. CORBON, wadda aka kafa a 1989, ita ke rajistar magina, wato masu tafiyar da aikin ginin kansa. ARCON, tun 1969, ita ke kula da masu zana gine-gine. Waɗannan majalisu suna da kwamitin bincike da kuma kotun ladabtarwa ta cikin gida, wadda za ta iya tsawata wa mutum, ko ma ta soke sunansa daga rajista. Sai dai ba za a soke sunan da ba a taɓa rubutawa ba. Kuma ko da mutumin yana da rajista, aikinsu tsare mutuncin sana'a ne, karɓo maka kuɗinka aikin kotu ne ko teburin sulhu. Duk da haka, mutum ya kira kansa injiniya yana karɓar aiki da wannan suna ba tare da rajista ba laifi ne a dokar COREN, saboda haka ina ba ka shawara ka rubuta musu takarda a kansa, ko don kare waɗanda zai yaudara nan gaba.

Abin da ke damuna shi ne yawancin gidajen da ake kira na in duba, sai bayan an yi filasta da fenti ake kira na, lokacin da an riga an rufe duk abin da ido zai gani. Wurare uku ne ya kamata wani masani wanda ba ɗan kwangilar ne ya kawo shi ba ya tsaya a kai: ranar da aka gama haƙa fandisho, ranar da aka ɗaure rodi kafin a zuba kankare, da ranar zubin dekin. Idan zane ya ce rodi mai milimita 16 a ginshiƙi, a auna a gani, domin na taɓa tarar da mai 12 a inda aka caji kuɗin mai 16. Haɗin kankare da aka fi amfani da shi a gidajen zama shi ne kashi ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, wato buhu ɗaya mai kilo 50 ya tafi da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Leburori sukan ƙara ruwa don ya yi musu sauƙin zubi, wannan kuwa yana rage ƙarfinsa ƙwarai. Bayan zubi ana ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma a kwana 28 ne ake auna cikakken ƙarfinsa, don haka duk wanda ya ce zai cire katakon da ya tallafe dekin bayan mako guda saboda yana da wani aikin da zai kai su, a hana shi.

Wani ɗan kasuwa, daga Karu:

Injiniya, Allah ya saka da alheri. Ni nawa ya ƙare lafiya, kuma dalilin shi ne rubutu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya hulɗar kuɗi ba tare da takarda da shaidu ba, yana kafa hujja da aya ta 282 a Suratul Baƙara. Saboda haka lauya ya rubuta mana yarjejeniya: biya kashi-kashi bayan an duba kowane mataki, sunan kowane kaya da kaurinsa, da kuma riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har wata 6 bayan miƙa makulli. Da tayil ya fara ɗagowa, bututun banɗaki kuma yana zuba cikin bango, ɗan kwangilar ya daina ɗaukar wayata.

Wasu sun ce in sa a kama shi, amma lauyan ya nuna mini cewa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda ya sa aka tsare wani a kan haka zai iya wayar gari shi ake ƙara. Inda mutum ya karɓi kuɗin kaya ya karkatar da su, wannan kan iya zama cin amana ko zamba a ƙarƙashin dokar Penal Code da ake aiki da ita a Abuja, amma aikin da bai yi kyau ba shari'ar haƙƙi ce. Muka kai maganar cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Birnin Tarayya, wadda ke aiki tun 2003. Na je da yarjejeniyar, da hotunan kowane mataki, da rahoton wani injiniya. A can aka daidaita cewa a yi gyaran da kuɗin da na riƙe, ya cika abin da ya yi saura, aka sa hannu.

Wata 'yar Jos da ke zaune a Gwagwalada:

Ni ba asarar kuɗi ce ta kawo ni ba. Tun ranar 12 ga Yuli, 2024, da benen makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji a Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai, na daina ɗaukar tsagewar bango a matsayin ƙaramin abu. Maƙwabcinmu ya so ya ɗora bene a kan gidan da aka gina don hawa ɗaya, maginin da ya kira ya ce masa babu komai. Maigidana da dattawan layin suka same shi, suka roƙe shi ya kai zanen sashen kula da tsarin gine-gine na Hukumar Birnin Tarayya, ya kuma kira injiniya ya duba fandishon. Injiniyan ya ce ba zai ɗauka ba sai an kafa sababbin ginshiƙai daga ƙasa. Ya ji haushinmu na ɗan lokaci, amma ya dakatar da aikin.

Birkilan Dei-Dei ya sake cewa:

Alhaji na Karu, maganar riƙe kashi 5 ba ta dame ni ba, kuma duk mai aikin da ya yarda da hannunsa ba zai ƙi ta ba. Abin da nake roƙo shi ne takardar ta ɗaure ɓangarori biyu. A rubuta ranar da mai gida zai biya bayan an duba aiki, domin leburori kullum ake sallamarsu, ba sa jiran ƙarshen wata. A rubuta yadda za a yi idan farashin siminti ko rodi ya tashi ana tsakiyar aiki. Idan mai gida ya canza shawara, ya ce a rushe bango a faɗaɗa falo ko a mayar da ƙofa wani gefen, a rubuta kuɗin wannan canji a ranar, kowa ya sa hannu kafin a ɗaga guduma. Wanda zai duba aikina kuma ya zo tun ina kan layin bulo na farko, ya nuna mini abin da bai gamsu da shi ba in gyara a lokacin, kada a bari sai na kai linta sannan a ce in sauke.